Sikelin Baba

"Mama, in Kaka ya ƙara ramewa, shi ma barcin ɓeraye za ki sa shi?"

Baba na tsaye a kan sikeli, ya dafa bango da hannu ɗaya. Uwar yarinyar kuwa tana durƙushe tana duba lamba. Ba ta ɗago ba, ta dai ce wa 'yar tata ta je ta nemo takalmin makaranta.

Ita ta jawo. Shekara huɗu ke nan tana aiki a ɗakin bincike, inda ake dasa wa ɓeraye ƙwayoyin kansar hanji, a zuba ido a ga yadda cutar ke bin jini ta sauka a hanta. Kowace safiya takan auna su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zubar da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, ƙa'ida ce a kashe shi ba tare da ya wahala ba. Ranar da yarinyar ta ishe ta da tambaya, sai ta ce mata barci ake sa su. Da aka yi wa mahaifinta aikin hanji aka kawo shi gidanta, ba ta san lokacin da ta fara auna shi ba.

Hoton da aka yi masa a asibiti makon jiya ya nuna tabo uku a hantarsa. Yayanta ya ce a yi shiru, tsoho ba zai iya ɗauka ba. Ta yarda.

Baba ya sauko, ya zauna bakin gado. Ya ɗaga murya ya shaida wa jikarsa cewa ya sake ta, ba zai zauna da amarya mai neman kai shi barzahu ba. Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya daga falo. Sannan ya rage murya.

"Da, kullum kina faɗa mini lambar. Tun Laraba kin daina, fuskata ma ba kya kallo. Ɓerayenki ba su da abin shiryawa, uwata. Ni ina da shi."

Ta raka yarinyar mota, ta yi wa shugabarta waya cewa yau wani ya yi awon ɓerayen. Yayanta ya kira sau biyu, ba ta ɗaga ba. Ta ɗauko ambulan ɗin sakamakon daga ƙasan akwati, ta rufe ƙofa, ta miƙa wa Baba tabaransa.

Idan kana ɓoye wa majinyacin gidanku sakamako, ka yi hattara. Kai kana da aiki da hidima. Shi kuwa yini yake yana karanta fuskarka.