Kaka Tsakanin KN da JG

Tun safe Munzali yake zaune gaban kwamfutar yayansa Zulkiflu a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje. Da La'asar ake jiransa a unguwar Cheras, inda wani mai shagon gyaran waya zai gwada hannunsa kafin ya ɗauke shi aiki. Amma Yaya, da zai tafi jami'a, ya rantse ƙanin ba zai leƙa waje ba sai ya gama shigar da sunayen dangi a shafin binciken asali da ya buɗe musu.

Shafin ba ya karɓar sunan jiha, sai haruffa biyu. A nan kakansu Ɗayyabu ya zame masa ƙarfen ƙafa. A Kazaure aka haife shi, lokacin tana ƙarƙashin Kano, yanzu kuwa Jigawa ce.

Ya sa JG. Kafin shayinsa ya huce, Kawu Ubale ya bugo daga Kano yana faɗa, wai yaushe aka yi Jigawar da za ta haifi ubansa. Ya mayar KN. Sai ga saƙon muryar Gwaggo Hauwa'u daga Kazaure, ta ce Kanawa sun saba haɗiye komai, yau kuma har da mamaci.

"Gwaggo, mutumin nan fa ya rasu, ko a jikinsa."

"To kai da kake raye, gyara, ɗan nema."

Ya kira Yaya, aka ce yana gaban malaminsa. Sharifa, matar yayan, tana kicin tana ta ƙyaƙyata dariya, ta ce in yana son zaman lafiya ya sa KL, haruffan birnin da suke zaune, kowa ya huta.

Azahar ta wuce. Munzali ya yi tsaki, ya duba ƙa'idar shafin: kowane lamari da haruffan zamaninsa. Sai ya rubuta haihuwa KN, rasuwa JG. Nan take taswirar shafin ta ja jan layi, wai Malam Ɗayyabu ya yi ƙaura, mutumin da a ɗakin da aka yanke masa cibiya ya cika.

Ya suri takalmansa. Kafin ya sauya jirgin ƙasa a tashar Titiwangsa, kawu da gwaggo sun haɗa kai a kansa, suna tambayar wa ya ba shi izinin korar ubansu daga gida.

A makare ya isa Cheras, yana haki. Mai shagon ya dubi agogo, ya dube shi, sannan ya turo masa wata waya mai fasasshen gilashi. Ta Munzali kuwa tana ta ruri a aljihu. Ya kashe ta, ya ja kujera.