Sabon Fenti a Ɗakin Baƙi

Tun ranar da Auta ta kawo takarda daga makaranta cewa ana neman gidajen da za su sauki yaran wata ƙungiyar mawaƙa mai zagayen garuruwa, Mai Fenti bai sake zama ba. Kwana biyu kacal yaran za su yi. Ɗakin baya aka ware musu, inda ake jibge tsofaffin kaya. Ya tsaya yana kallon bangon, duk tabon yoyo da zanen fensirin Auta.

"Ni da nake gyara bangon mutane, a zo a tarar da nawa haka?"

"Baban Auta, gobe fa za su iso," in ji matarsa. "Ka goge da tsumma kawai."

"Tsumma? Ke dai miƙo min tsani."

Ya ɗauko ragowar fentin mai, shuɗi mai sheƙi, ya tsinka shi da kananzir yadda ya saba, ya yi wa ɗakin shafi biyu. Washegari ya dafa bangon, bai kama hannu ba. Ya ja iska, bai ji komai ba. Shekara ashirin yana cikin fenti, hancinsa ya daina gaya masa gaskiya. Matarsa ta ce warin yana hawa mata kai, ya yi dariya.

"Ke ko a maƙwabta aka yanka albasa sai kin yi hawaye."

Da yamma motar ƙungiyar ta sauke musu yara mata biyu. Ɗaya ana ce mata Doguwa, bakinta ba ya hutawa. Ɗayar 'yar firit ce, ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, rungume da jakarta.

"Wannan ita ce Kanari," in ji Doguwa. "Ita ke ba da waƙa, mu muna amshi. Kada ku ga ƙanƙantarta, Baba, in ta buɗe baki har gilashi rawa yake."

Malamarsu ta miƙa masa takardar dokoki: ban da ruwan sanyi, ban da fanka, kada iska ta buge su a barci. Mai Fenti ya sa Auta ta karanta masa sau biyu. Kafin yaran su kwanta ya shiga da kansa ya rufe tagogin duka biyun, har ya cusa tsumma a inda katako ya ɗan buɗe.

Da safe Kanari ta fito ta durƙusa za ta gaishe shi. Bakin ya motsa, amma abin da ya fito bai fi ƙarar takarda ba. Ta gyara murya, ta sake gwadawa. Idanunta sun yi ja. Doguwa na bayanta riƙe da kai.

Matarsa ta dube shi. Ta dafa ruwa, ta zuba zuma, ta zaunar da yarinyar a tsakar gida. Shi kuwa ya zagaya a hankali ya ja ƙofar ɗakin baya ya rufe.

Ƙarfe goma Malama ta zo ɗaukarsu gwaji, don da ƙarfe huɗu za a yi wasan. Tana jin muryar ta ajiye jakarta.

"Ƙanƙara kika sake sha?"

Kanari ta girgiza kai.

"Haka kika ce a wancan garin, aka same ta a aljihunki. Me na gaya miki? In kika sake, gida za ki koma. Haɗa kayanki. Gobe direba zai kai ki tasha."

"Malama, wallahi ba ta..." Doguwa ta fara.

"Ke, ban tambaye ki ba." Ta juyo wurin Mai Fenti, ta sassauta murya. "Ka yi haƙuri, Malam. Kun yi iyakar ƙoƙarinku, yaran ne ba sa ji."

Abin da ya rage masa kawai ya ce ba komai. Kanari ta ɗaga kai ta dubi rufaffiyar ƙofar, ta dube shi, sannan ta sunkuya tana murza bakin rigarta. Ta sani. A ciki ta kwana, kuma ba za ta tona wanda ya sauke ta ba. Cokalin da matarsa ke juyawa a kofi ya tsaya.

Ya taka ya buɗe ƙofar.

"Malama, ɗan shigo nan."

Taku biyu ta yi a ciki ta fito da baya, tana tari, mayafi a hanci.

"Nan suka kwana? Tagogi a rufe?"

"Takardarki ce ta ce kada iska..." Ya nuna bangon. "Ni na yi fentin shekaranjiya. Ni na rufe. Yarinyar nan ba ta sha komai ba."

Malama ta daɗe tana kallonsa. "Kai da sana'arka ke nan, ba ka san wannan ba?"



Ba a mai da Kanari gida ba, amma ba su ƙara kwana a nan ba. Kafin azahar aka kwashe jakunkunansu zuwa gidan wani malamin makaranta, maƙwabta na leƙe ta katanga. A bakin mota Kanari ta ja hannun rigarsa, ya sunkuya.

"Baba, ɗakin ya yi kyau," ta ce cikin raɗa.

A ɗakin taro ya zauna a layin ƙarshe. Wata yarinya ce ta ba da waƙar, aka yi ta tafi. Kanari tana can baya, a gefen Doguwa, tana motsa baki babu sauti. Da aka zo inda muryar ke hawa sama, ya ga ta ɗaga haɓa ta ja numfashi, sai kuma ta sauke kai. Bai jira an tashi ba.

A gida ya tarar matarsa ta wangale tagogin, ta zare tsumman ta jefar a ƙofa. Ya shiga ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Bangon na sheƙi, ko layin buroshi ɗaya babu. Auta ta leƙo.

"Auta, har yanzu yana wari?"

"Sosai ma, Baba."

Ya rufe ido ya ja iska har ƙirjinsa ya cika. Bai ji komai ba.