Kiran Kan Dutse

Shekara talatin da ɗaya Tani ba ta taɓa kiran sunan Yahuza ba. Ɗan fari ne, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango. Mata na yaba mata, ita ma, gaskiya, tana jin daɗin yabon. Son da take masa kuwa ya fi na sauran 'ya'yanta biyar a haɗe, amma ta danne abinta.

Da Yahuza ya tafi haƙar zinare Mali, kiran layi ya gagara, sai na data. A ƙauyensu kuma, can gefen Sabuwa, data ba ta kamawa sai a kan wani falalen dutse bayan filin Idi. Mai babbar waya ɗaya ne a garin, Mas'ud mai caji, mutum ne mai son a taru a kansa. Duk Juma'a bayan la'asar zai hau dutsen, masu 'ya'ya a waje su bi shi. Ba ya miƙa wa kowa wayar, wai hannun manoma na fasa gilashi. Sai dai ya buɗe murya, ya ɗaga ta sama kamar mai tallan magani, kowa na jin na kowa. Asirin gidaje da yawa ya tonu a dutsen nan.

Tani takan je, wai rakiyar Fatsuma, ƙanwar mijinta. Ta tsaya baya-baya tana gyaran mayafi, kunnenta duk yana wurin wayar.

Abin da ba ta sani ba, a makon nan abokin Yahuza ya turo hotonsa kwance, ƙurar rami ta cinye masa ƙirji, ya koma ƙashi da fata. Mas'ud ya nuna wa duk wanda ya kawo caji. Maza sun gani, Fatsuma ta gani, amma ba a faɗa wa uwa irin wannan, sai aka bar ta a duhu.

Ranar Juma'a kira ya shiga. Muryar Yahuza ta fito a shaƙe, tana yankewa tana dawowa. Ya gaida mutane sama-sama, sannan ya ce, "Inna na nan?"

Idanu suka juyo kan Tani. Gabanta ya faɗi, don bai taɓa tambayarta a gaban jama'a ba. Ta girgiza wa Mas'ud kai.

Mas'ud ya yi murmushi ya ce, "Wai ta ce in ce maka ba ta nan."

Aka kwashe da dariya. Kiran data yana da jinkiri, magana takan ɗan daɗe kafin ta isa, saboda haka sai da dariyar ta lafa a nan sannan ta kai can. Yahuza ya saurari dariyar har ta ƙare.

"Inna," ya ce, "ba wani abu nike so ba. Ki yi mani magana ko guda. Ki ce mani ko sannu."

Tani uwa ce, ta gane wannan ba muryar mai mura ba ce. Ta ɗaga ƙafa za ta matsa, Fatsuma ta riƙe mata gefen zane ta raɗa mata, "Ke, gaban maza? Mi za a ce?" Ta tsaya. Tana jin numfashinsa na ja a cikin wayar, ta tsaya tana lissafin abin da za a ce.

"To, ba komi," in ji Yahuza. "Ki yahe mani."

Nan ne abin ya fi ƙarfinta. Ta fizge zanenta, ta ratsa maza, ta kama hannun Mas'ud da wayar gaba ɗaya ta jawo bakinta.

"Yahuza. Yahuza, ga ni, ɗana. Mi ya same ka? Ni ce, ina ji."

Ta yi ta faɗa, hawaye na zuba. Mas'ud ya bar ta sai da ta gaji don kanta, sannan ya zare hannunsa ya goge gilashin da riga.

"Ai tun ɗazu ya yanke, Inna."

Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kasa riƙe dariya. An sake gwadawa har magariba ta gabato, bai shiga ba.

Ranar Litinin saƙon rasuwa ya iso. A zaman makoki Tani na jin Fatsuma na faɗa wa mata cewa ita tun da ta ji an ambaci sunan nan a bainar jama'a ta san yaron ba zai tashi ba. Ba wadda ta musa.

Bayan sadakar bakwai Tani ta je rumfar Mas'ud da kanta, ta durƙusa a bakin ƙofa, ita da ta haifi sa'ansa.

"Ɗan nan, kun ce maganar takan yi jinkiri kafin ta isa. Ko tawa ta isa daga baya?"

Mas'ud na neman wayar wani a cikin tarin caja, bai ko ɗago ba.

"Jinkirin bai kai haka ba, Inna. Bai ji ba. Matsa kaɗan, kin tare hanya."