Birin Majigi Ya Sa Takalmi

Na gama sakandare na dawo Birnin Gwari na zauna. Damina ta wuce, wata ta zo, ina nan zaune. Da muryar Maiturare mai bayanin majigi ta dushe, sai aka ce in zo a gwada ni.

Aikin ba wuyar faɗa. Hoto yana motsi a farin ƙyalle, kai kana cikin mota da lasifika kana sa masa baki da Hausa. Malam Salmanu, jami'in da ke tafe da motar, ya gindaya mini sharaɗi tun a hanyar Kusasu.

"Fim ɗin biri za mu fara sawa, na takin zamani ya biyo. In mutane suka watse kafin na taki, kai ma ka kama gabanka."

Birin zane ne. Tun muna yara muke kallonsa, baƙi da fari, siriri, wutsiya har ƙasa, ɓarawon masara. Ba wanda ya san sunan da masu zana shi suka ba shi. Mutanenmu Auta suke ce masa. Suna son sa don sun san irinsa. Duk mai gona a bakin daji ya taɓa yini yana jifan danginsa.

Bayan magariba filin makaranta ya cika. Aka tada inji. Sai ga sabon Auta da aka aiko daga Kaduna, mai launi. Ya yi ƙiba. Hula a kai, takalmi a ƙafa, wutsiya an datse kamar ta akuya. Ya tarar masara ta nuna, ya tsaya ya gaida mai gona.

Na faɗi abin da aka koya mini: "Jama'a, ga Auta ya shiryu."

Laraba mai ƙosai ce ta fara tankawa.

"Wannan ne Auta? Wa ya hura shi?"

"Biri da takalmi!" in ji Baba Enoch, wani tsohon manomi. "Da me zai hau kanya?"

"Gaisuwa fa yake yi, Baba," na ce.

"A bakin dajin nan na yi furfura, biri bai taɓa gaishe ni ba."

Wani ya ɗaga murya daga baya: "Kai ɗan boko na cikin mota! Ina kuka kai namu? In mutuwa ya yi ku faɗa, mu yi wa juna gaisuwa!"

Aka fara naɗe tabarmi. Mata suna jan hannun 'ya'yansu. Malam Salmanu ya leƙo ta taga, ya nuna mini hanyar gida da leɓe.

Na dubi birin. Na tsane shi. Na dubi Malam Salmanu: tumbi, hula, takalmi mai sheƙi.

"Ku yi haƙuri, jama'a," na ce a lasifika. "Kuskure ne. Ba Auta ba ne. Yayansa ne, wanda ya tafi Kaduna ya samu aiki."

Masu tafiya suka tsaya. Birin yana miƙa wa manomi hannu, sai na ƙanƙance murya: "Sannu da aiki, talaka. Masarar nan kada ka sa ni wahalar sata. A kai mini gida."

Fili ya ɓarke da dariya.

"Allah wadai!" in ji Laraba. "Gara ɓarawon, shi ko gumi yana yi!"

"Wutsiyar fa?" Baba Enoch ya tambaya.

"Ta hana shi zama a kujera, Baba."

Suka koma suka zauna. Suka yi ta zaginsa har ya ƙare, suka kuma kalli na taki kaf, ko zai sake fitowa su ƙara masa. Malam Salmanu ya fi kowa dariya, yana riƙe da ciki. Rabin mutanen shi suke kallo, ba ƙyallen ba. Bai lura ba.

Aka ba ni aikin. Aka ba ni kaki, da hula, da takalmi.

Ranar kasuwa na ci karo da Laraba. Ta dube ni tun daga ƙafa har kai.

"Ranka ya daɗe," ta ce. "Ƙosan a nan za ka ci, ko a kai maka gida?"

Takalmin yana matse ni.