Angon da Bai Nutse Ba

Janairu ya kusa rabi, amma dutsen da ke bayan gari yana nan tsirara, babu ƙanƙara, sai busasshiyar ciyawa. Kujerun da ke haurawa da masu wasan zamiya a kan ƙanƙara suna rataye a waya, iska tana kaɗa su, babu kowa a kai. Abin da ya fi ƙona wa Kuniaki rai shi ne yadda tsofaffin garin suka miƙe ƙafa suna jin daɗi. Bana ba hawa rufi a kwashe dusar ƙanƙara, ba ciwon baya. Suna zaune a rana suna gasa dankali, matarsa Sumie kuwa har shanya take yi a waje tana 'yar waƙarta.

Masaukin baƙinsa kuwa, tunda babu masu zamiya, ko ƙuda ba ya leƙowa. Da kaka ne 'yarsa Chinatsu ta dawo da angonta Ryohei, ɗan birni, da niyyar su karɓi masaukin daga hannunsa. Yanzu Ryohei ya durƙusa ya faɗa masa gaskiya.

"Baba, wurin aikina na da a Nagoya sun sake kirana. In ranar jifan ango ta zo ƙanƙara ba ta sauka ba, zan amsa musu. Ka yi haƙuri."

Kuniaki ya san yaron bai yi ƙarya ba. Amma shi ma baƙo ne lokacin da ya auri Sumie. Mazan garin suka saɓe shi a kafaɗa har ɗakin bauta na kan tudu, suka yi lilo da shi, suka wurga shi gangare, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ɗauke musu 'ya. Ya nutse cikin ƙanƙara har wuya. Sumie ce ta tono shi da hannunta, tana dariya, yatsunta sun yi jawur. Tun ranar bai sake tunanin barin garin ba. Don haka ya ƙudurta a ransa cewa in Ryohei ya nutse, Chinatsu ta tono shi, maganar Nagoya ta mutu.

Ya tayar da ƙaramar motarsa ta kaya, ya ja abokinsa Tomekichi, suka riƙa hawa can ƙwarin da rana ba ta kaiwa, suna kankaro ƙanƙarar da ta rage suna jibgewa a ƙasan tudun.

"Kai dai da neman wahala kake," in ji Tomekichi yana haki. "Mu shimfiɗa katifun masaukinka mana, tunda ba mai kwana a kai."

"A katifa aka jefa ni?"

"Ai da an yi haka, da kanka bai taɓu ba."

Suka rufe tulin da tabarmi. Ana jibi biki aka tashi da ruwan sama, mai ɗumi kuwa, a tsakiyar hunturu. Kuniaki ya tsaya da lema yana kallon wahalarsa tana bin lambatu. Sumie ta zo ta kama hannun rigarsa.

"Baban Chinatsu, zo ka sha shayi. Tsayuwarka ba za ta hana shi zuba ba."

Ranar biki gari ya yi fes, har wasu suka cire riguna masu nauyi. Abin da ya rage na ƙanƙara a ƙasan tudu bai fi faɗin tabarma biyu ba, ya yi baƙi da ƙasa. Aka sha giyar shinkafa, aka saɓo Ryohei ana ihu. Kuniaki ya riƙe ƙafa ɗaya da kansa.

"Ku saita tsakiya! Tsakiya na ce!"

Suka yi lilo da shi, suka saki. Ryohei ya dira a kan tulin daidai, ya mirgina cikin taɓo. Chinatsu ta taho da gudu daga gefe, ta naɗe hannun riga za ta yi tono, kamar yadda uwarta ta sha ba ta labari. Kafin ta iso ya riga ya miƙe da kansa, yana karkaɗe gwiwa yana dariya. Ta tsaya turus, hannuwanta a buɗe.

Jama'a suka ɗauki tafi. "An yi lafiya!" in ji Tomekichi. "Ko ƙwarzane babu!"

Ryohei ya ɗaga kai, ya rusuna wa surukinsa daga ƙasa. Kuniaki ya tsaya a kan tudu yana kallonsa. Baƙin ciki ne ya cika shi, kuma babu wanda zai ɗora wa laifi.

Sumie ta hauro ta tsaya kusa da shi. Bai dube ta ba.

"Bai nutse ba," ya ce a hankali.

"Na gani," ta ce. "Zo mu je. Chinatsu ta ce in taya ta haɗa kaya."