Sikeli a Ƙarshen Layi

Jiya bayan azahar, a kwanciyar dolen da ake sa mu a asibiti in mun ci abinci, na yi wani mafarki. Ni da na shekara ina wasan ɓuya da abinci, sati uku ke nan ina suɗe kwano, amma sikeli ya yi kunnen ƙashi. Inna har ta fara leƙa ƙarƙashin katifata, ko can nake ɓoye abincin. Likita ya ce in ba canji ranar Juma'a, sai robar ɗura abinci ta hanci, kuma tsoronta nake kamar me.

A mafarkin na bi sawun tuwona, na shiga ta bakina, na faɗa wani gari duk zaure ba ƙofa. Wani bunsuru da hular kwano yana ba magina umarni.

"Malam, ina tuwona?"

"Mun yi yaɓe da shi, Hajiya. Madarar kuma ƙashin bayanki ya shanye, ko godiya babu."

Can gefe kaji uku suna ɗura wa wani tsohon injin ban-ruwa ƙwai. Suka ce zuciyata ce, in daina tsaya musu a ka.

Sai ga ni gaban wata tsohuwa tana cusa burodina a murhu. Gumi yana tashi daga ƙasa yana zuba a sama.

"Iya, rabona kike ƙonawa!"

"Shekara guda kika kashe mana wuta, 'yar nan, har ƙofofi muka cinye. Yanzu mun ga itace ki ce kar mu ji ɗumi?"

Kunya ta kama ni, na yi gaba.

A bayan gari na tarar da layin karɓar abinci. Hanta a gaba, sai jini, sai gashi da farce suna rigima. Can ƙarshe sikeli ne zaune da kwanonsa wayam, yana hamma.

"Ni ne na ƙarshe a garin nan," in ji shi. "Ke kaɗai kike fara gaishe ni."

Bunsurun ya buga shebur: ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Ashe cokali ne a kofi, Sista Rifkatu ta kawo kunun gyaɗa. Gabana ya faɗi kamar kullum. Duk da haka na ce, "Sista, a ƙara ludayi ɗaya. Mutanen suna da yawa."

Inna ta saki gefen katifar da take ɗagawa. Ba ta tambayi su wa ba, da kanta ta ɗauko ludayin.