Kibod Mai Shiru Don Aji Uku

"Umma, wannan ce matar da ta ce hannuna bai cika ba?"

A ofishin shugabar makaranta Cingam ta yi tambayar nan, da ƙarfi, tana nuna ta da haɓa. Shugaba ta gyara tabarau, ta shiga jera takardun da dama a jere suke. Ban ce wa yarinya ta yi shiru ba. Na ce, "Ita ce. Gaishe ta."

Cingam 'yata ce, shekararta bakwai. Sunan ya bi ta tun tana rarrafe, don ba ta sakin zanina. An haife ta da yatsu uku-uku, kuma ba sa lanƙwasuwa sosai. In ta riƙe fensir minti goma, hannun ya ɗau zafi. Ƙwaƙwalwa kuwa tubarkalla, lissafin 'yan aji huɗu take yi da baki.

Shugaba ta ce, "Baiwar Allah, ki fahimce ni, ba ƙinta muke ba. Kowa ya miƙa takarda, ita tana layi na biyu. Gara ta bar aji uku ta koma aji ɗaya, hannun ya saba."

"Malama, hannun ba zai ƙara yatsa a aji ɗaya ba. Ku bar ta ta buga rubutun. A gida haka take yi."

Sai da muka kai ruwa rana kafin ta yarda. Ranar Juma'a akwai shifta. In ta gama tare da sauran, ta zauna. In ba ta gama ba, Litinin ta koma.

Sana'ata buga takardu ce, kuma a nan na kamu da son kibod. Ba irin na roba mai laushi kamar katifa ba, sai irin wanda kowane harafi ke da nasa sifirin, ɗan ƙarfe mai mayar da shi sama, a ƙasa. Guda tara gare ni a kan kanta, tsofaffi da sababbi, kowanne da sunansa. Baban Cingam cewa yake wasu matan takalma suke tarawa, tasa matar baƙaƙe take kiwo. A kansu Cingam ta koyi rubutu, don haruffansu dogaye ne, yatsa ba ya zamewa ya danna biyu.

Ranar Juma'a na ɗauki Sarkin Surutu, ƙaramin kibod na zamani wanda na fi so, na haɗa shi da tsohuwar wayata a kan tebur ɗinta. Duk harafin da ka taɓa sai ya amsa ƙas, tsaf, kamar an karya ƙashin kaza. Mu masu tarawa wannan ƙarar muke bi. Shekara huɗu ina jinta a ɗaki har kunnena ya daina lissafa ta a cikin surutu. Ko sau ɗaya ban tuna cewa aji wuri ne na yara talatin da ake so su yi tsit ba.

Malamin aji ya karanta jimlar farko. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Wata ta baya ta tuntsire da dariya. Wani ya kama kwaikwayo da harshe. Kafin jimla ta uku ajin ya kacame, Malam yana buga tebur, ba wanda ke jin abin da yake karantawa. Ina leƙe ta taga na ga Cingam ta janye hannayenta, ta tura su ƙarƙashin cinya.

Shugaba ta ce, "Kin dai ji da kunnenki."

"Na ji. Laifina ne, ni na zaɓo shi. Amma yau kibod ɗina kuka jarraba, ba 'yata ba. Litinin ɗin nan ku sake mata. In aka ji ƙara ko ɗaya, da hannuna zan ɗauki jakarta in kai aji ɗaya."

"Ke ba kya gajiya ne?"

"Ina gajiya, Malama. A gida."

A cikin kibod taran nan nawa, ɗaya ce mai shiru: Gwaggo. Ta girme ni da shekaru, fara ce da ta koma launin haƙori. Haruffanta ba nauyi, numfashi ma ya ishe su, kuma ba sa cewa uffan. Sai dai ta fi tebur ɗin Cingam faɗi, kuma bakin igiyarta ba ya shiga komai na yanzu.

Asabar da hantsi na saɓa ta, Sarkin Surutu a jaka, zuwa shagon Injiniya, mai gyaran kwamfuta, wanda shi ya fara nuna mini hanyar tarawa. Yana ganinta ya share tebur da hannun riga.

"Sannu da zuwa, Gwaggo! Ƙanwata, me ya fito da ita rana tsaka?"

"Farke ta za a yi. A cire sifirin ɗinta a dasa wa Sarkin Surutu."

Ya dube ni kamar na ce a yanka masa uwa. "Kin san irinta nawa suka rage kuwa? Ni tun da nake, biyu na taɓa gani, ɗayar ma a hoto! A cire cikin giwa a zuba wa ɓera?"

"Ɓeran ne ke shiga aji."

"Ki jira in yi miki odar masu shiru, mako uku sun iso."

"Litinin nake so."

"Wallahi ba da hannuna ba."

"To, ara mini ƙarfen dalma, ka juya baya."

Bai juya ba. Ya tsaya a kaina yana salati, ina narkar da dalma ina zare su ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai na ƙona ɗan yatsa. A na goma sha biyu ya ce, "Ba haka ake riƙewa ba, za ki ƙona allon, kawo nan, mai taurin kai." Shi ya ƙarasa sauran, yana yi yana zagina ƙasa-ƙasa. Sittin da ɗaya muka dasa. Gwaggo ta koma gida a cikin jaka, ba haƙori ko ɗaya.

Ranar Litinin Shugaba ta shigo ajin da kanta, ta tsaya jikin allo, hannu a harɗe. Malam ya fara karantawa. Ba ka jin komai sai ƙarar fensir a kan takarda. Yatsun Cingam shida suna tsalle, harshenta a waje. Jimla ta biyar, ta shida, tana tare da su.

Ta ƙarshe tambaya ce, kuma alamar tambaya sai an danne madanni biyu lokaci guda. Ta miƙa yatsa, bai kai ba. Ta sake, bai kai ba. Malam, mutumin kirki, ya sunkuyo zai danne mata ɗaya.

Na ce ta taga, "Malam, bar ta."

Duk ajin ya waiwayo. Cingam ba ta waiwayo ba. Ta karkata hannun hagu, ta danne da gefen tafi, ta ɗora ɗayan da dama. Ta ce, "Na gama." Yara huɗu suna kan rubutu.

Shugaba ta karɓi wayar, ta karanta har sau biyu. Ta sami kuskure uku, ta faɗe su da ƙarfi. Sannan ta ce, "To. Ta zauna, mu gani zuwa ƙarshen zango."

Na ce, "Za ku gani."

Yanzu kullum da la'asar tana kan tebur ɗin falo tana aikin gida. Wani lokaci harafi ya ɓace mata, ta daɗe tana lalube, kai kana ganinsa ƙiri-ƙiri a gabanta. Na san hannu zai yi maka ƙaiƙayi. In ka zo gidanmu ka tarar da haka, ka zauna, a kawo maka ruwa, ka sa hannunka a aljihu. Kada ka kuskura ka danna mata. Ranar da ka yi, a bakin ƙofa za mu riƙa gaisawa.